Datse bakin dogon gashi a salon ba tare da an cinye tsawonsa ba

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Garwa: "Gashina na halitta ne, ban taɓa sa masa man miƙarwa ba. Idan na ja shi yana sauka har tsakiyar bayana, shekara huɗu ke nan ina tattalinsa. Yanzu bakinsa ya tsattsage, mataji na maƙalewa. Wancan karon da na je salon na ce a rage kaɗan, sai na fito da shi iya kafaɗa. Yaya zan yi a cire abin da ya lalace kawai?"

Amsa: 'Yar'uwa, abin da ya fara cutar ki wancan karon ita ce kalmar nan "kaɗan". Kaɗan ba ta da ma'auni. A wurinki faɗin farce ce, a wurin mai salon kuwa, wadda ta wuni tana yanke gashi, duk abin da bai kai faɗin tafin hannu ba kaɗan ne. Gashin kai yana ƙaruwa ne da kimanin santimita 1 a wata, na wasu ma bai kai haka ba, musamman irin namu mai kananaɗewa. Daga tsakiyar baya zuwa kafaɗa ya kai santimita 15 ko fiye, wato aikin sama da shekara guda ya zube a ƙasa cikin minti goma. Don haka wannan karon kada ki shiga da kalma, ki shiga da lamba.

Amma lambar sai kin nemo ta a gida tukuna. Ki tsefe kai, ki taje shi sosai kafin ruwa ya taɓa shi. Idan kitson ya yi mako shida a kanki za ki ga gashi ya taru a mataji har gabanki ya faɗi. Kada ki tsorata: kowane kai yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitso ne ya riƙe su, a mako shida sun haura dubu biyu. Idan ba ki fitar da su ba kika wanke, su ne ke dunƙulewa a baki su zama ƙulli, mai salon ta gani ta ce ai duk nan ya mutu, ta yanke lafiyayyen gashi tare da su. Bayan tajewa ki wanke, ki sa man laushi na bayan wanki, ki ɗauraye, sannan ki miƙar da gashin. Kitson zare ya fi komai sauƙi a nan: kashi takwas zuwa goma, a naɗe da zare daga tushe har baki, ya kwana biyu. Yana miƙar da gashi ba tare da wuta ba, kuma a zafin Garwa ba ya ɗaukar lokaci kafin ya bushe.

Idan kin kwance zaren, ki zauna inda haske yake, ki ɗauki gashi kaurin fensir, ki ja shi a kan farin kyalle. Ki bi shi da ido daga tushe. Za ki ga yana tafiya da kauri ɗaya har zuwa wani wuri da zai fara sirancewa, kyallen ya fara bayyana ta tsakaninsa. Ki bi shi kuma da yatsa biyu a hankali, inda santsi ya ƙare kaushi ya fara nan ne iyakar. Abubuwa uku ake nema a ƙasan wannan iyaka: sili da ya rabe biyu kamar reshe, sili mai ɗan farin ɗigo inda yake shirin karyewa, da ɗan ƙaramin ƙulli da sili ɗaya ya ɗaure kansa, wanda za ki ji shi kamar ƙwayar yashi a yatsa. Ki auna daga wannan iyaka zuwa baki da tef ɗin awo na tela, ki ƙara rabin santimita a kai, domin tsaga takan ɗan haura inda ido ke gani. Ki yi haka a wuri biyar: ƙeya, tsakar ka, bayan kowane kunne, da gaba. A kowane wuri ki rubuta tsawon gashin gaba ɗaya da kuma tsawon abin da ya lalace. Da wuya lambobin su zo ɗaya, kuma wannan bambanci shi ne muhimmin abin da za ki tafi da shi.

Ga masu sa shebe, a Njamena ko Kuseri ko sauran sassan Kamaru inda ya yaɗu yanzu, dole a wanke shi tas kafin awo da kafin yanka. Garin shebe, wanda ake yi da soyayyen irin wani ɗan itace da ke fitowa a yankin Gera na Chadi, haɗe da kanumfari da sauran kayan ƙamshi, yana lulluɓe sili tare da mai, ya manne tsagar ta ɓace wa ido, bakin ya yi kamar mai kauri alhali ba haka yake ba. Ga shi kuma da ɓarɓashi da ke dakushe almakashi. Haka man kaɗanya ko man gashi na karkar idan an lafta. Ranar yanka gashi ya je salon a wanke, a bushe, a miƙe, ba mai sai ɗan abin da zai hana shi tashi.

Batun bushewa da miƙewa shi ne inda yawancin tsawo ke salwanta, don haka bari in tsaya a kansa. Gashi mai santsi irin na Turawa ko na Indiya ana yanka shi a jiƙe, domin ruwa na kwantar da shi a layi ɗaya. Masu salon da yawa a haka aka koya musu, sai su yi wa kowane kai haka. Namu kuwa da ya ji ruwa sai ya koma ciki, gashin da ya kai santimita 40 a miƙe ya tsaya a 20 ko ƙasa da haka. Idan aka sa almakashi a wannan hali aka cire abin da ido ya gani santimita 1 ne, a gaskiya an cire 2 ko 3, domin a naɗe yake. Kuma ba ko'ina yake komawa daidai ba: na ƙeya kan fi laushi, na tsakar ka kan fi naɗewa. Yankan da ya yi kyau a jiƙe, ranar da kika miƙar da gashin za ki gan shi hawa da gangara, ki koma a daidaita, a sake cire wani. Idan ba ki samu yin kitson zare ba, a busar da na'urar busar da gashi a matsakaicin zafi, ana ja da mataji mai manyan haƙora. Idan za a bi da ƙarfen miƙarwa, kada zafinsa ya wuce digiri 180, kuma a bi kowane kashi sau ɗaya. Bai kamata a ƙona baki ana ƙoƙarin gyara shi ba.

Yanzu maganar da za ki yi da ita. Ki yi ta kina tsaye, kafin a ɗaura miki kyalle a wuya, domin da zarar kin zauna kin juya baya an fara aiki, kunya ce ke rufe baki. Ki karyo tsinken tsintsiya daidai tsawon da kike so a cire, ki miƙa mata. Idan ba tef a kusa, littafin makaranta mai ƙananan gidaje zai yi, kowane gida milimita 5 ne, gida biyu santimita 1. Kada ki yi awo da yatsa: faɗin yatsa ɗaya santimita ɗaya da rabi ne zuwa biyu, "yatsa biyu" ya kusa santimita 4, wata huɗu ke nan. Sai ki ce mata: "Adda, ga iyakar abin da nake so ya fita daga kowane kashi. Ko kin ga wani wuri yana buƙatar fiye da haka, ki tsaya ki nuna mini tukuna. Ba na son a daidaita tsawo, ba na son hawa-hawa." Wadda ta san aikinta ba za ta ji haushi ba, sauƙi ma kika yi mata. Wadda ta yi tsaki ta ce ita ta san abin da take yi, ki biya kuɗin wanki idan an yi, ki ɗaura ɗankwalinki.

Tunda a salon-salon na Garwa, Marwa, Ngawundere da Njamena kalmomin aikin da Faransanci suke yawo, ko da hirar da Hausa ko Fulatanci ake yi, ki san guda huɗu. "Les pointes" shi ne bakin gashi, shi kike so a taɓa, amma ki haɗa shi da lamba: un centimètre. "Égaliser" daidaitawa ce, ita ce kalma mafi haɗari a wurinki. "Dégradé" yankan hawa-hawa ne, na sama gajere na ƙasa dogo. "Effiler" rage cika ne, da reza ko almakashi mai haƙora. Ukun ƙarshe ki ce a'a a fili.

Me ya sa daidaitawa ke da haɗari? Domin babu kan da gashinsa yake tsawo ɗaya. Wurin da ƙullin ɗankwali ko bakin hijabi ke goga a ƙeya yakan kakkarye, na gefen kunne da na goshi dama can gajeru ne. Idan mai salon ta ɗauki mafi gajarta ta mai da shi ma'auni, sai duk kai ya biyo shi. Mai yiwuwa abin da ya same ki ke nan: ƙeya ta karye iya kafaɗa, aka sauko da sauran don su yi layi. Ga mace mai kitso, wadda gashinta ke wuni a ɗaure ko a lulluɓe, layi madaidaici a baya ba shi da wani amfani da ya kai asarar shekara guda. Kowane kashi a cire masa nasa santimita ɗaya daga nasa bakin. Idan kina son siffa a baya don ranar da za ki sake shi, ki zaɓi mai lanƙwasa kamar bakin ƙwarya, tsakiya ta fi gefe tsawo kaɗan. Ita ce ta fi kusa da yadda gashi ke fitowa da kansa, don haka ita ta fi cin ƙaramin tsawo.

Ki dubi almakashin kafin ya hau kanki. Na gashi daban yake da na tela da na takarda, kuma wanda aka yanka gashin doki ko zare ko leda da shi ya riga ya dakushe. Almakashi mai kaifi yana raba sili tsaf, bakin ya fito a rufe. Dakusasshe matse shi yake yi ya tauna, bakin ya fito a farfashe, bayan mako uku ko huɗu tsagar ta dawo sabuwa, ki ɗauka gashinki ne ba ya ji. Gwajin mai sauƙi ne: ki ciro sili ɗaya daga mataji, ki riƙe shi sako-sako, ta yanka da tsinin almakashin. Idan ya faɗi nan take, madalla. Idan ya lanƙwashe ya shige tsakanin ƙarafan, a canza. Ni dai shawarata ga duk mai dogon gashi ita ce ta sayi nata almakashin, kada ya taɓa komai sai gashi, ta riƙa zuwa da shi tare da matajinta. Hakan ya kuma raba ta da kwarkwata da makero. Reza kam kada ta kusanci bakin gashinki, yankan karkace take yi, ta bar sili da sirantaccen baki mai saurin rabewa.

Zama ma yana da nasa. Ki miƙe baya, ƙafa biyu a ƙasa, kada ki ɗora ɗaya kan ɗaya, kada ki sunkuya kan waya. Kafaɗa ɗaya ta ɗan karkata, gefe ɗaya zai fito gajere. A raba kan gida huɗu, a kama uku da abin matse gashi, a fara daga ƙeya da tsaga sirara, kaurinta kada ya wuce santimita 1 zuwa 2. Idan ta ɗebo da yawa a hannu, almakashi zai ture gashin gaba, na ciki su fi na waje tsawo. Ta taje, ta kama tsakanin yatsa biyu, ta zame har sai abin da ya leƙo ƙasan yatsunta ya yi daidai da tsinken nan, ta yanka a ƙasan yatsu.

Yankan farko shi ne komai, domin shi sauran za su bi. Ki ce ta ɗora miki abin da ta fara cirewa a tafin hannu, ki gwada shi da tsinke. Idan ya wuce, yanzu ne lokacin magana, tsaga ɗaya kawai aka taɓa. Ki riƙe ƙaramin madubi ki riƙa kallon baya ta cikin babban. Ki shimfiɗa farin tawul a cinya da kafaɗa. Datsa ta gaskiya abin da take zubarwa kamar ɓarɓashin ganyen shayi yake, gajeru-gajeru. Da kin ga sili mai tsawon ashana ya sauka a kan tawul, ki ce a dakata. Mata da yawa dama sukan tattara gashinsu su tafi da shi, ba sa barin sa a shara. Ki tattara naki, ko ba komai a gida za ki zuba shi a farar takarda ki ga gaskiyar abin da aka cire.

Akwai wani tarko a ƙarshen aiki. Ta gama, sai ta jawo gashin gefe biyu gaba ta gwada, ta ga na hagu ya fi na dama da ɗan kaɗan, ta rage na hagu, ya zarce, ta koma na dama. Haka ake bi har santimita ɗaya ta zama biyar, kuma kowane yanka da niyyar gyara aka yi shi. Ki tuna lambobin da kika rubuta a gida: idan tun asali gefen hagu ya fi da santimita ɗaya, ki gaya mata tun farko, ki ce a bar shi haka. Bambancin da bai kai santimita 1 ba babu mai gani a gashi irin namu, da ya sha iska ya ɗan koma ciki shi ke nan.

To idan awon gida ya nuna lalacewar ta kai santimita 6 ko 7 fa? A nan sai an faɗa miki gaskiya. Tsaga ba ta haɗewa. Babu mai, babu shebe, babu haɗin da ke ɗinke silin da ya rabe, iyakarsu su manne shi zuwa wanki na gaba. Idan aka bar ta tana haurawa sama, ko silin ya karye da kansa a inda ya ga dama. Zaɓi biyu gare ki. Ko a cire duka lokaci ɗaya, ki huta da maƙalewar mataji, ki yi haƙurin wata shida ko bakwai. Ko a bi shi a hankali: santimita 2 yanzu, sannan 2 duk bayan wata biyu, tsawon ya tsaya wuri ɗaya na kusan rabin shekara yayin da lafiyayye ke maye gurbin matacce. Hanya ta biyu ta fi daɗi a zuciya, amma tana bukatar bakin ya zauna a ɓoye cikin kitso, da ɗan mai, kuma ba wuta. Idan ba za ki iya wannan ba, ta farko ta fi.

Tsakanin zuwa salon, za ki iya farautar tsaga da kanki. Ki zauna a haske da almakashinki, ki ɗauki ƙaramin kashi na gashi, duk silin da kika gani ya rabe ko ya ƙulla ki yanke shi rabin santimita sama da wurin, shi kaɗai. Aikin haƙuri ne, kashi ɗaya a rana ya isa. Amma akwai dabarar da ake yaɗawa ta murɗe gashi a yanke duk abin da ya leƙo daga jikin murɗin. Ki guje ta. Yawancin masu leƙowar nan lafiyayyun sili ne da ba su kai tsawon 'yan'uwansu ba tukuna, domin kowane sili da lokacin da ya fara fitowa. Yanke su rage cika ne kawai.

Wannan ya kawo ni ga wurin da mata ke asarar tsawo ba tare da sun sani ba, wato wurin mai kitso. Idan an gama kalaba ko kitso da gashin doki, takan bi jikin kowace jela da almakashi tana share abin da ya fito don kitson ya yi sumul, wasu ma da wutar kyandir ko ashana. Abin da ya fito ɗin nan bakin gashinki ne. Duk kitso a share santimita ɗaya ko biyu, sau shida a shekara, sai ki ce gashinki ya tsaya. Ki ce mata ta share daga inda naki ya ƙare zuwa ƙasa kawai, na sama a kwantar da shi da mai. Wajen tsefewa kuma, idan za a yanke jelar gashin doki don a rage aiki, a yanka can ƙasa da inda kike zaton naki ya tsaya, da tazarar faɗin tafin hannu, domin ya ƙaru tun ranar da aka yi kitson.

Ga wadda take sa man miƙarwa, ko da yake ba ke ba ce, lokacin datsa shi ne bayan an taɓa sabon tsiro, lokacin da gashin yake miƙe daga tushe har baki. Idan akwai sabon tsiro na wata biyu a ƙasa, yana naɗewa ba daidai ba, layin zai fito a karkace.

Sau nawa? Ba kalanda ke faɗa ba, bakin gashin ne. Lissafin dai a fili yake: a wata huɗu kin samu kimanin santimita 4, idan aka cire 1 kin tsira da 3, a shekara 9 ke nan. Idan ana cire 2 duk wata biyu kamar yadda wasu ke cewa wajibi ne, kina nan inda kike har abada. Yanka ba ya sa gashi saurin fitowa, tushe bai san abin da ya faru a baki ba. Ga mai kula da kanta, sau biyu ko uku a shekara ya wadatar. A yankinmu lokacin da ya fi dacewa a duba shi ne ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu zuwa Maris, domin busasshiyar iska da ƙurar Disamba da Janairu su suka fi farfasa baki, sannan a sake dubawa bayan damina. Mai jego kuma ta sani cewa zubar gashi da ke zuwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa daga tushe take, tana sa jela ta yi kamar ta sirance, amma almakashi ba maganinta ba ne. Ta jira ta lafa kafin ta yanke hukunci a kan tsawo.

Idan duk da haka aka zarce, kika ga gefe ɗaya ya tafi da santimita 4, kada ki yarda a daidaita sauran a ranar. Ki ce a tsaya nan. A kama miki shuku ko wani kitson da zai tattara bakin ciki, bambancin ba zai fito ba. Bayan wata uku ko huɗu ki sake awo a wuraren nan biyar, a datse dogon gefen rabin santimita ko ɗaya, a bar gajeren ya taho.